Kafin Ka Taɓa Sukurun Kafireta: Jagorar Auna Mai da Iska a Injin Fetur

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, buƙatar masu kawo mana aiki ta koma guda ɗaya: "Oga, a rage mini shan mai." Ɗan acaɓa mai jigila tsakanin Fagam da Gwaram haka yake cewa, manomin rani mai injin ban ruwa a fadama haka, mai shagon cajin waya da janaretonsa shi ma haka. Ba su yi laifi ba, domin litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta yi gaba. Inda gizo ke saƙa shi ne wurinmu mu masu gyara. Yaro zai ɗauki sukudireba ya matse sukurun kafireta, inji ya tashi, mai shi ya biya ya tafi yana murna. Kafin damina ta kewayo sai ga shi ya dawo da bawul a ƙone, ko fistin ya huje. Garin gyaran gira an rasa ido.

Domin ku na rubuta wannan, ƙannena da ke koyon aiki a garejojin Fagam da Sara da Basirka da Birnin Kudu. Maganar ɗaya ce: sukurun nan shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa, kuma ba a taɓa shi sai an auna.

Abin da ake aunawa

Fetur ba ya ci da wuta sai ya zama tururi ya gauraya da iska, kuma gaurayin yana da iyaka. Idan tururin bai kai kashi 1.4 cikin ɗari na iskar ba, ko ya wuce kashi 7.6, ko tartsatsi nawa fulogi ya yi ba zai kama ba. Haɗin da ke ƙonewa tas shi ne kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur. Ka lura, da nauyi ake lissafin. Lita ɗaya ta fetur nauyinta kusan giram 740 ne, wato tana buƙatar kusan lita 9,000 ta iska kafin ta ƙone. Wanda ya gane wannan ba zai ƙara raina iya kilina ba.

Inji ya fi ƙarfi idan mai ya ɗan fi haka yawa, wajen kilo 12.5 zuwa 13 na iska ga kilo ɗaya na mai. Ya fi tsimin mai idan iska ta ɗan rinjaya, wajen 15.5 zuwa 16. Daga nan idan aka ci gaba da rage mai, wutar cikin silinda takan yi nawa, har bawul ɗin fitar hayaƙi ya buɗe tana kan ci. Wutar nan ita ke lasar bakin bawul. Injinan da muke gyarawa, irin su Boxer da Jincheng da Haojue da injin ban ruwa samfurin Honda GX160, iska ce ke sanyaya su, ba su da lagireto, kuma ɗan rarar man da ke shiga silinda na daga cikin abin da ke rage musu zafi. Idan kuma mai ya yi yawa, yakan wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi ya cinye, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya cika da guba.

Abu na biyu shi ne natsuwar wuta. Janareto mai silinda ɗaya da ke juyi 3,000 a minti yana kunna wuta sau 25 a kowace daƙiƙa, kuma babu kunnawa biyu da suka yi daidai da juna, domin haɗin da ke bakin fulogi a lokacin tartsatsi ba ya zama iri ɗaya. Masu ƙera inji a Jamus da Japan da Amurka sukan dasa na'urar auna matsi a cikin silinda, su ɗauki bugu ɗaruruwa a jere su gwada bambancinsu. Wasu ma har tagar gilashi suke yi wa silinda su haska tururin mai da leza. Farfesa John Heywood na jami'ar MIT, a littafinsa na 1988 kan injina, ya nuna cewa idan bambancin ƙarfin bugun ya wuce kamar kashi 10 cikin ɗari, direba zai fara jin mota tana fizga. Mu ba mu da waɗannan na'urori, amma wannan fizgar ita ce muke kira misin, kuma muna da hanyoyin auna ta.

Kayan aiki

- Sifanar fulogi da burushin waya mai laushi
- Ƙaramar sukudireba mai faɗin baki, wadda ta shiga kan sukurun daidai
- Fila geji, don auna bakin fulogi da ratar bawul
- Mitar auna juyin inji, irin wadda ake naɗa wayarta a jikin wayar fulogi
- Mitar lantarki mai nuna Hz, don janareto
- Siririn tiyo mai haske, wanda ake ganin mai a cikinsa
- Robar lita ɗaya mai alama, da agogo
- Sabon fulogi mai lambar da ta dace da injin
- Bokitin yashi a kusa
- Littafi da biro

Na ƙarshen nan shi ne wanda babu mai saye, alhali shi ya fi arha.

Mataki na 1: Gyara wurin aiki

A fili ake wannan aiki, ba cikin shago ba. Hayaƙin fetur yana ɗauke da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, ita ce ke kashe iyali a ɗaki idan an kwana da janareto a ciki ko a bakin taga, kuma injin da mai ya yi masa yawa ya fi fitar da ita. Ciwon kai da jiri su ne alamunta na farko. Kana jin su ka kashe inji ka matsa. Kada kowa ya sha taba a wurin. Kada ka gwada tartsatsin fulogi kusa da ramin fulogi a buɗe ko kafiretar da ke ɗigo. Wutar fetur kuma ba a zuba mata ruwa, yashi ake watsa mata.

Mataki na 2: Tambayi mai inji, sannan ka duba man

Yaushe abin ya fara? A ina ya sayi mai? Wa ya taɓa injin kafin kai? Da sanyin safiya yake wahalar tashi ko bayan ya yi zafi? Injin da ke tashi da asubar hunturu ba tare da an ja cok ba, mai ya yi masa yawa. Wanda kuma ba ya zama sai da cok ko da rana tsaka, mai bai ishe shi ba. Ka ga ka fara aunawa tun ba ka ɗauki sifana ba.

Sai ka tsiyaye man kofin kafireta a kwalba mai haske ka ajiye minti kaɗan. Ruwa zai kwanta a ƙasa, datti ma haka. A ƙauyukanmu yawanci a hannun 'yan bumburutu ake sayen mai, a galan da kwalba, ƙura da ruwa na shiga. Kuma ba su kaɗai ba ne: a watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, injina da yawa suka lalace. Metanol iskar da yake buƙata ba ta kai rabin ta fetur ba, don haka man da ya gauraya da shi yakan sa inji ya yi kamar an rage masa mai. Duk saitin da ka yi a kan gurɓataccen mai zai rushe ranar da aka zuba mai kyau.

Mataki na 3: Bi hanyar iska

Nan ne mafi yawan "shan mai" yake ɓoye. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji kan toshe soson iya kilina, iska ta ragu, kafireta ta riƙa zuƙo mai fiye da kima. Idan soso ne, ka wanke shi da ruwan sabulu, ya bushe sarai, ka shafa masa baƙin mai kaɗan ka matse. Idan na takarda ne, a kaɗe shi ko a canja. Ba a wanke shi. Kada ka yarda da masu cire iya kilina gaba ɗaya wai don inji ya sha iska. Haɗin zai koma mai ƙarancin mai, ƙura kuma za ta cinye ringi da silinda.

Sai ka nemi iskar sata. Robar da ta haɗa kafireta da inji takan tsage saboda zafi, gasket ma yakan saki. Ka ta da inji ya zauna a silo, ka fesa ruwa kaɗan a kan mahaɗar. Idan ƙarar ta canja, akwai kafa. Iskar da ta shiga ta nan ba ta bi ta kafireta ba, ba ta ɗauko mai ba, kuma babu juyin sukurun da zai gyara ta. Wasu da fetur suke wannan gwajin. Kada ka yi, salansa tana kusa.

Mataki na 4: Wuta da bawul

Misin ɗin da wuta ke kawowa da wanda mai ke kawowa kamanninsu ɗaya a kunne, don haka a raba su tun yanzu. Auna bakin fulogi: milimita 0.6 zuwa 0.7 ga yawancin ƙananan babura, 0.7 zuwa 0.8 ga GX160. Tartsatsi ya zama shuɗi mai ƙarfi. Auna ratar bawul inji yana sanyi. A GX160 milimita 0.15 ce ga bawul ɗin shiga, 0.20 ga na fita, kowane inji kuma da nasa. Bawul da aka matse ba ya rufuwa sosai in ya yi zafi, matsi ya zube, silo ya ƙi zama.

Mataki na 5: Tsayin mai da tsabtar jet

Sa siririn tiyon nan a bakin magudanar kofin kafireta, ka lanƙwaso shi sama a gefen kofin, ka sassauta sukurun tsiyaya. Inda mai ya tsaya a tiyo, nan ya tsaya a kofi. A yawancin kafiretocin nan yakan tsaya kaɗan ƙasa da inda kofi ya haɗu da jiki. In ya haura, fulot ko allurarsa sun gaji, inji zai sha mai a kowane gudu.

Jet kuwa, ina roƙonku, ku daina zura masa allurar ɗinki ko wayar burki. Da tagulla aka yi shi, tana da laushi, ramin jet ɗin silo kuma bai kai rabin milimita ba. Ka faɗaɗa rami da kashi 10 cikin ɗari, hanyar mai ta ƙaru da kashi 21. A jiƙa shi a man wanke kafireta, a hura masa iska, a ɗaga shi ga rana a ga haske ya ratsa.

Mataki na 6: Saita silo

Yanzu ne aka zo kan sukurun. Inji ya yi aiki kamar minti goma tukuna, cok a buɗe, domin inji mai sanyi ya fi son mai, saitin da aka yi masa kuma ba zai dace da shi ba in ya ɗumama.

Da farko ka san wane irin sukuru ne a gabanka, don a nan ne yara suka fi faɗuwa. Idan yana ɓangaren iya kilina, na iska ne: ka shigar da shi, mai ya ƙaru, ka fito da shi, mai ya ragu. Idan yana ɓangaren inji, na mai ne: ka fito da shi, mai ya ƙaru. Sau da yawa yaro yana matse sukurun iska da niyyar rage shan mai, alhali ƙarawa yake yi.

Ka shigar da shi a hankali har ya zauna kana ƙirga juyin, ka rubuta, don ka san inda ka same shi. Kada ka danne shi, bakinsa siriri ne. Ka fito da shi juyi ɗaya da rabi zuwa biyu. Ɗaga silo kaɗan da ɗaya sukurun, na totur. Sai ka riƙa juya na haɗin kwata-kwata, wato rubu'in juyi, kana jira kamar daƙiƙa goma bayan kowanne, idonka a kan mita. Juyin inji zai hau, ya kai ƙololuwa, ya fara sauka. Ƙololuwar nan ita kake nema. Daga nan ka ɗan karkata ɓangaren mai, kamar rabin kwata, sannan ka sauke silo zuwa inda ya dace, wajen 1,400 a minti ga yawancin waɗannan injina. Ka tabbata ka saita mitar daidai da injin, domin yawancin ƙananan injina a kowane juyi suke yin tartsatsi, mitar da aka saita ba daidai ba kuma takan nuna ninki.

Idan ƙololuwar ba ta samu ba sai da sukurun ya kusa rufewa, ko sai da ya wuce juyi uku, matsalar ba a nan take ba. Koma mataki na 3 da na 5.

Mataki na 7: Auna natsuwar wuta

Bar inji a silo minti ɗaya cur, ka rubuta lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta da mita ta nuna. A aikina, in tazarar ba ta wuce juyi ɗari ba na gamsu. In tana lilo da ɗari biyu ko uku, akwai sauran aiki. Sai ka murɗa totur da sauri ka saki. In ya shaƙe kamar zai mutu kafin ya ɗauka, ko ya daɗe a sama kafin ya sauko, ko salansa ta riƙa harbi in an saki totur, mai bai isa ba. In ya ɗauka da nauyi yana baƙin hayaƙi, ya faɗo ƙasa da silo, mai ya yi yawa.

Janareto da injin ban ruwa gwamna ke riƙe musu gudu. Janaretonmu juyi 3,000 yake yi don ya ba da Hz 50. In babu kaya a kansa yakan ɗan haura zuwa 51 ko 52. Idan kana jin sa yana hawa yana sauka, kwan fitila yana ƙyafce, kada ka taɓa sifirin gwamna. Ja cok rabi. In ya natsu, ka samu amsa: jet ɗin silo ya toshe ko iska na shiga ta wata kafa. Gwamna yana bin misin ne kawai, ba shi ya kawo shi ba.

Mataki na 8: Karanta fulogi bayan aiki

Sukurun da ka saita iyakarsa rubu'in farko na totur. Daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu allurar kafireta ke iko, sauran kuma babban jet. Ɗan acaɓa a tsakiya yake wuni, don haka allura ita ce mai cin mansa. Idan ka sauke kilif ɗinta mataki ɗaya, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. In ka ɗaga kilif, mai ya ragu. Mataki ɗaya kawai a lokaci ɗaya.

Sa fulogi mai tsabta, ka nemi miƙaƙƙen titi marar cunkoso, ka yi tafiyar 'yan kilomita a gudun da mai babur ya saba. Ka kama kuloci ka kashe inji nan take ba tare da ya zauna a silo ba, domin silo zai shafe shaidar. Bari ya huce kafin ka kwance. Zaren fulogi a cikin alminiyon mai zafi saurin lalacewa gare shi. Farin tangaran ɗin da ke tsakiya shi za ka duba. In ya yi launin soyayyar gyaɗa, haɗi ya yi. Baƙi busasshe mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa, aikin ringi ne ba na kafireta ba. Fari fat mai ƙuraje ko alamar narkewa, inji yana cikin hatsari, a ƙara masa mai kafin ya sake tafiya. Injin ban ruwa kuma a gwada shi yana jan ruwa da tiyonsa, ba a banza ba.

Mataki na 9: Auna man da lita

Cire tiyon tanki ka haɗa robar lita ɗaya. Ga injin ban ruwa ko janareto, ka duba minti nawa ya yi da ita da kayansa na kullum. Ga babur, a cika tanki, a rubuta kilomita, a sake cikawa a lissafa. A yi haka kafin gyara da bayansa. Da wannan lambar za ka yi wa mai inji magana, ba da rantsuwa ba. Kuma ka duba iskar taya da sarƙa da burkin da ke kamawa, don su ma mai suke ci.

Yanayi, gas da motocin zamani

Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba. A zafin digiri 40, irin na watan Afrilu a nan, nauyinta ya ragu da kusan kashi 8 cikin ɗari a kan na digiri 15 na safiyar hunturu. Kafireta ba ta san da wannan ba. Injin da aka ƙure masa mai a bazara, in sanyi ya shigo zai faɗa cikin ƙarancin mai, kuma lokacin ne manoman rani ke barin injin ban ruwa yana aiki wuni guda. Shi ya sa na ce a ɗan karkata ɓangaren mai.

Tun bayan tsadar fetur manoma da yawa sun mayar da injinansu kan gas ɗin girki. Yana aiki, amma gas yana son iska fiye da fetur, wajen kilo 15.5, kuma busasshe yake shiga, ba ya sanyaya bawul. Fulogi ba ya yin launi a kan gas, don haka mita da ƙara su ne madogararka. A riƙa duba ratar bawul a kai a kai, a gwada kowace mahaɗa da ruwan sabulu, tukunya ta tsaya a tsaye nesa da salansa.

Motocin da ba su da kafireta kuwa, kwamfuta ke yi musu wannan aiki, tana karɓar labari daga na'urar auna iska da ke jikin bututun hayaƙi, wadda kamfanin Bosch ya fito da ita a motocin Volvo a 1976. Tsohon samfurinta in ta yi zafi takan riƙa lilo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, ƙasa alamar ƙarancin mai, sama alamar yawansa. In ta tsaya wuri ɗaya, ko ta mutu ko akwai matsala a haɗin. Wanda ya cire ta ya toshe ramin ya makantar da kwamfuta, motar kuma za ta ƙara shan mai. In ba ka da na'urar karanta kwamfuta, ka tura mai mota Dutse ko Kano wurin mai ita; ba abin kunya ba ne.

Kowane inji da ka saita, ka rubuta ranar, da juyin sukuru, da matakin kilif, da launin fulogi, da abin da lita ta yi. Idan mai inji ya matsa sai ka rage masa mai ƙasa da inda mita ta nuna, ka nuna masa littafin, ka faɗa masa kuɗin bawul da fistin da gasket a kasuwa yau, sannan ka ce masa ba za ka yi ba.